Dam ɗin Tiga da Challawa: wa ya ci riba, wa ya biya?

Rukayya: Assalamu alaikum 'yan zaure. An ba mu aikin gida a darasin labarin ƙasa, wai kowa ya zaɓi arzikin ƙasa guda ɗaya da mutane ke amfani da shi, ya bayyana yadda amfanin ya shafi muhalli. 'Yan ajinmu duk sun tafi man fetur na Neja Delta, sauran kuma sare itatuwa. Ni dam ɗin Tiga nake so in ɗauka tunda ruwansa muke sha a Kano, amma na nemi illarsa na rasa. Ruwa ne aka tara, ana sha, ana noma. Ko in canza ne?

Ya'u Gashuwa: Wa alaikumus salam. Kada ki canza ƙanwata. Illar ba a Kano take ba, shi ya sa ba ki gan ta ba. Wajenmu ta gangaro.

Malam Habu: Madalla da wannan zaɓi, Rukayya. Kafin a fara musu, ɗauko taswira ki bi ruwan da yatsa. Kogin Kano da kogin Challawa suna haɗuwa a kudu da birnin Kano, su zama kogin Haɗeja. Ya wuce Wudil, ya wuce Ringim, ya isa Haɗeja. Daga nan ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce mai tuddan rairayi, sai kogin ya rarrabu rassa-rassa, ya malale. Kogin Jama'are, wanda ya taso daga tsaunukan Jos, shi ma a yankin yake malala. Wannan malalar ita ce fadamar Haɗeja da Nguru. Abin da ya tsira daga cikinta shi ke taruwa wajen Gashuwa ya zama kogin Yobe, ya bi ta Gaidam da Damasak, ya raba Najeriya da Nijar, ya faɗa tafkin Chadi.

An gama Tiga a kan kogin Kano a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma an gina shi ne don ya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. An gama na Challawa a ƙaramar hukumar Ƙaraye a 1992. Ke nan rassa biyun da suka haifi kogin Haɗeja duk an datse su. Tambayar aikinki ita ce: ruwan da ake riƙewa a can, da ina yake zuwa, kuma wa ke jiransa?

Nafi'u Kura: Allah ya gafarta Malam, na ga inda maganar za ta nufa, to bari in shigo da wuri. Ni ɗan Kura ne. Kakana ya ba mu labari cewa kafin a kawo kanal ɗin da ke ɗauko ruwan Tiga zuwa gonakinmu, da an gama girbin gero da dawa sai maza su kama hanyar ci-rani, gari ya koma na mata da tsofaffi har faɗuwar damina. Yanzu ku zo Kura, Garun Malam, Bunkure, Kadawa a watan Fabrairu ku gani. Alkama, shinkafa, albasa, masara. Ku je Kwanar Gafan lokacin tumatir ku ƙirga motocin da ke lodi zuwa Legas. Mu ne yanzu ake zuwa wa ci-rani. Kuɗin makarantata ma daga wannan ruwan ya fito. Sannan birnin Kano da miliyoyin mutanensa, da me za su sha? Duk wanda zai zagi Tiga ya fara amsa wannan.

Ya'u Gashuwa: Ba wanda ya zagi Tiga, Nafi'u. Amma yadda kakanka ya ba ka labari, ni ma nawa ya ba ni.

Mu shekararmu a kan zuwan ruwa take. Wajen Agusta kogi ke cika ya haye gaɓa, ya mamaye fadama. Manomin shinkafa ya riga ya yi shuka da ruwan sama, yana jiran ambaliya ta zo ta tarar da ita ta yi ƙarfi, shinkafar ta riƙa tashi tare da ruwan. Kifi kuma ya bar kogi ya shiga cikin ciyawa ya yi ƙwai. Idan ruwa ya fara janyewa bayan damina, masunta su tare bakin ƙoramu, su kama tarwaɗa da karfasa da kurungu da ragon ruwa, mata su yi banda. Inda ruwa ya janye, manomi ya bi laimar ya shuka wake da kankana da rogo, ba inji, ba taki, domin ruwan ya bar masa laka. Bayansa Bafulatani ya shigo da shanu su ci burugu da harawa duk rani. Fili ɗaya, mutum uku, kowa da lokacinsa. Idan ruwa bai zo ba, ko ya zo rabi, su ukun ne za su taru a ɗan abin da ya jiƙe, a lokaci guda. Rigimar manoma da makiyaya da kuke ji a yankinmu, kaso mai yawa daga nan ta samo asali.

Nafi'u Kura: To ai fari ne ya yi muku wannan. An yi fari a 1973, an sake yin wanda ya fi shi a 1984. Har Mali da Habasha ya shafa, can ma Tiga ce?

Malam Habu: Nafi'u yana da gaskiya rabi, kuma Rukayya ki rubuta wannan, domin a nan ɗalibai ke faɗuwa. Abu biyu ne suka zo a lokaci guda. Ana gama Tiga ana cikin shekarun ƙarancin ruwan sama. A shekarun 1960 ambaliya takan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 na fadamar. A 1984 abin ya sauko zuwa wajen 300. Ba za ka ɗora wannan duka a kan dam ba, ba za ka ɗora shi duka a kan fari ba. Amma ga bambancin: fari yana wucewa. Da ruwan sama ya farfaɗo daga shekarun 1990, kogin bai koma halinsa na da ba, domin yanzu ba damina kaɗai ke juya shi ba. Dam yana danne ambaliyar Agusta da Satumba, ya ajiye, ya riƙa sakin ruwa kaɗan-kaɗan da rani don kanal da famfo. Yawan ruwa ya ragu, e, amma abin da ya fi canzawa shi ne lokacin zuwansa.

Binta Guri: Malam ya zo inda nake jira. Ni daga Guri nake a Jigawa, kuma mu matsalarmu ta bambanta da ta su Ya'u. Su suna kukan ruwa bai isa ba, mu muna kukan ya zo ya ƙi tafiya.

Da can kogin Haɗeja yakan ƙafe da rani, har a taka rairayinsa a ƙetare. Wannan ƙafewar ce ke kashe ciyawar ruwa. Da ruwa ya koma gudana shekara zagaye, sai kachalla ta samu gida. Wanda bai taɓa ganinta ba, ciyawa ce ta fi mutum tsayi, kanta kamar zangarniyar gero, saiwarta tana sarƙewa a ƙasa. Tana tare laka, lakar tana cike hanyar ruwa, hanyar ta toshe. Haka tsohon kogin Haɗeja da reshensa na Burum Gana suka shaƙe, ruwan ya karkata mafi yawansa zuwa hanyar ruwa ta Marma, wadda ke zuwa tafkin Nguru. To Marma ba ta iya ɗauka. Gonakin da ake noman gero da shinkafa suka koma ƙarƙashin ruwa da kachalla.

Gonar babana tana cikinsu. Ina ƙarama na sha ganin mazan garinmu sun fita gayya da lauje da adda, a cikin kwalekwale, wasu ruwa iya ƙirji, suna yanka a ƙasan ruwa domin idan ka yanke ta a sama banza ne. Su dawo ƙafafu duk matsattsaku, hannu duk yanka. Kafin wata biyu ta sake tsirowa. Kuma ba ita kaɗai take zuwa ba. A cikinta jan-baki ke kwana su hayayyafa, da asuba su tashi gari guda su sauka a gonar da ta tsira. Yaran da ya kamata su kasance a aji suna gona da gwangwani da igiya suna kora. Ga sauro, ga dodon koɗin da ke kawo tsargiya. Masunci ma ba ya iya jefa birgi a cikinta.

Ya'u Gashuwa: Kun gani ko? Ruwan da ke cinye gonar su Yaya Binta shi ne wanda ya kamata ya iso mana. Yanzu abin da ke wucewa ta Gashuwa, mafi yawansa na Jama'are ne.

Sadik: Ni dai abin da na sani, dam-dam ɗin Kano ne suka ƙafar da tafkin Chadi. Rukayya ki sa wannan a farkon aikinki, maki goma cif.

Malam Habu: Kada ki sa, sifili cif za a ba ki. Tafkin Chadi ya ragu ƙwarai, daga wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 zuwa kashi ɗaya cikin goma na hakan ko ƙasa a tsakiyar shekarun 1980. Amma kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke kai masa daga Shari da Logon yake zuwa, ta Afirka ta Tsakiya da Kamaru da Chadi. Rabon kogin Yobe kaɗan ne tun asali. Sadik, ina ka samo wannan?

Sadik: A wani bidiyo ne Malam. Mai maganar ma da babbar riga.

Mamman Diffa: Gaisuwa ga Malam da sauran 'yan'uwa. Kaɗan ne ga tafki, amma mu a Diffa shi ne duka. Komadugu, wato kogin Yobe, ita ce ruwan da muke da shi, kuma ba ta gudana duk shekara. Tattasan da aka san Diffa da shi, wanda ake shanyawa a kai kasuwannin Najeriya buhu-buhu, a bakinta ake noma shi, daga Diffa har Bosso. Manomi yana lissafin watannin da ruwa zai zauna a kogi kafin ya dasa. In ya janye da wuri, sai ya ƙara kuɗin mai yana jawo na ƙasa, in akwai. Mu ba mu da ƙuri'a a Kano balle a ji ta bakinmu. Akwai yarjejeniyar raba ruwa da ƙasashen biyu suka sa wa hannu a Maiduguri a 1990, amma manomin tattasai bai san da ita ba, ruwa kawai yake kallo.

Nafi'u Kura: Duk na ji, kuma wallahi ban ji daɗin labarin gonar su Binta ba. Amma a yi lissafi mana. Ƙasa tana buƙatar abinci. Hekta ɗaya a Kadawa, da taki da iri mai kyau, ana noma ta sau biyu a shekara, tana ba da abin da hekta uku ko huɗu na shinkafar fadama ba za su bayar ba. In an auna riba da asara, ai riba ta rinjaya.

Malam Habu: An yi wannan lissafin, Nafi'u, kuma sakamakonsa ba zai yi maka daɗi ba. A farkon shekarun 1990 wani masanin tattalin arziki mai suna Edward Barbier da abokan aikinsa suka kwatanta fadamar da aikin noman rani na kogin Kano. Kai kana auna hekta, su kuma suka ce ai ba ƙasa ce ta yi ƙaranci a yankin ba, ruwa ne, don haka a auna abin da kowace kubik mita ta ruwa ke samarwa. Suka haɗa noma da kamun kifi da itacen girki na fadama, suka ga abin da ruwan ke samarwa a can ya ninka na kanal sau da yawa, bayan an cire kuɗin da ake kashewa. Kuma ba su ma sa kiwo a lissafin ba, ba su sa ruwan da ke nutsewa ƙasa ya cika rijiyoyi ba.

Wannan na ƙarshen ku riƙe shi. Ambaliya ce ke shayar da ruwan ƙarƙashin ƙasa a yankin. Rijiyar gari, da 'yan bututun da masu lambu ke kafawa su ɗora inji, duk daga nan suke sha, har a garuruwan da ke nesa da kogi. Haka goriba da sauran itatuwan fadama. Mutumin da rijiyarsa ta yi zurfi a wani ƙauye a Yobe ba zai taɓa kawo Tiga a ransa ba.

Dalilin da ya sa amfanin kanal ke fitowa fili, na fadama kuma yake ɓoyewa, shi ne wurin da ake ƙirga su. Tumatirin Kadawa yana hawa mota, ana yanka masa rasit. Kifin da matar Bade ta sa a miya, da kabar da aka saƙa tabarma da ita, da ciyawar da saniya ta ci, ba su shiga littafin kowa.

Nafi'u Kura: Malam, lissafin shekara talatin da suka wuce ne wannan. A lokacin mutum nawa ne a Kano? Shinkafa nawa ake sarrafawa a Kura?

Malam Habu: Tambaya ce mai kyau, kuma ta halatta Rukayya ta kawo ta. Farashi ya canza, jama'a sun ƙaru. Sai dai sun ƙaru a ɓangarorin biyu.

Binta Guri: Ni abin da ke ba ni haushi ma ba noman ba ne, ɓarnar ce. Na yi aikin sanin makama a yankin kanal. Na ga inda gefen kanal ya fashe ruwa na kwarara cikin daji kwana da kwanaki. Na ga manomin da ke kusa da bakin kanal ya buɗe ruwa ya tafi gida ya kwanta, gona ta zama tafki, na can ƙarshen layi kuma yana zaune da fartanya yana jira har dare. Inda ruwa ke kwanciya haka, ƙasa tana yin fari-fari da kanwa, amfani ya ƙi tashi. Wato ko a cikin Kadawa akwai na sama da na ƙasa.

Nafi'u Kura: Wannan kam ba musu, mu gonarmu a ƙarshen layi take. Amma gyaran kanal da aka yi da kuɗin Bankin Duniya ya rage abin, kuma ƙungiyoyin masu amfani da ruwa suna karɓar kuɗi yanzu. Wanda ya biya ba ya barin ruwa ya kwana a buɗe.

Sadik: Ku kuna ta maganar yawan ruwa, ba wanda ya yi maganar abin da ke cikinsa. Ku je bayan masana'antun fata na Sharaɗa da Challawa ku ga kalar abin da ke shiga rafi. Ba a bidiyo na gani ba wannan, Malam, unguwarmu ce.

Malam Habu: Wannan karon ka samu maki. Ruwan jima yana ɗauke da sinadarin kuromiyam, kuma ana ban-ruwan lambu da shi a wasu wurare. Amma aiki ne na daban, kada Rukayya ta haɗa su ta rasa kan zaren.

Rukayya: Na gode ƙwarai, littafina ya kusa cika. Saura abu ɗaya: an ce mu kawo mafita. In rubuta a rushe dam ɗin?

Ya'u Gashuwa: Ko ni ba zan ce haka ba.

Malam Habu: Ba mai hankalin da ke cewa haka. Abin da masana ruwa suka daɗe suna ba da shawara shi ne a canza yadda ake sakin ruwan, ya yi kama da halin kogin na asali: a saki mai yawa da damina don fadama ta cika, sannan a samu lokaci da rani da za a rage sosai har wasu hanyoyin su bushe, kachalla ta mutu. A haɗa da yashe hanyoyin da suka toshe don ruwa ya rabu daidai tsakanin Marma da sauran. A 2006 jihohi 6 da kogin ya shafa, Kano, Jigawa, Yobe, Borno, Bauchi da Filato, sun zauna a Damaturu suka amince da kafa asusun kula da shi. Ki kuma ambaci cewa tafkin Nguru da Marma su ne wuri na farko da Najeriya ta sa a jerin Ramsar na fadamun da duniya ke karewa, a 2000, saboda tsuntsayen da ke tasowa daga Turai suna yin hunturu a can. A Sanagal, inda kachalla ta mamaye bayan an gina dam ɗin Diama, wasu gawayi suke yi da ita.

Nafi'u Kura: A takarda yana da daɗi. Amma Malam, shekara hamsin ke nan mutane sun saba da kogin da aka ɗaure. Sun yi gonaki a cikin kwarinsa, wasu har gidaje. Ko yanzu da ba da gangan ake yi ba, duk shekarar da ruwa ya yi yawa, kamar 2020 da 2022, kun ga abin da ya samu Ringim da Auyo da Haɗeja. Wane jami'i ne zai sa hannu a saki ambaliya a Agusta, ya ce wa mutumin Auyo ya yi haƙuri don kifi ya yi ƙwai a Gashuwa? Sannan wannan rage ruwan da rani, a wane wata? Alkama tana gona daga Nuwamba zuwa Maris, tumatir ma haka. Famfon Kano kuma ba ya hutu.

Binta Guri: Ruwan kanal ɗinku daga Tiga yake tafiya kai tsaye, ba sai ya bi kogi ba. Ana iya ba ku naku a rage wanda ke gangarowa.

Nafi'u Kura: Matatar ruwan famfon Kano ta Tamburawa fa? Daga kogi take ja. Manoman rani na Auyo fa? Su ma kogin suke jira, kuma 'yan jiharku ne.

Binta Guri: Na sani. Shi ya sa maganar ta fi shekara ashirin tana yawo.

Ya'u Gashuwa: Ku gama da wannan tukuna, akwai wani a gaba. Dam ɗin Kafin Zaki a Bauchi, a kan Jama'are. An fara shi an tsaya tun da daɗewa, kuma duk bayan 'yan shekaru sai ka ji an ta da maganar ƙarasa shi. Mutanen Bauchi suna cewa daidai abin da Nafi'u ke cewa, kuma ba ƙarya suke yi ba, su ma suna son su yi noman rani. Amma Jama'are ne kaɗai babban kogin da ya rage mana yana zuwa da ambaliyarsa. Shi ya sa Yobe da Borno ke ta da murya duk lokacin da aka ambace shi.

Mamman Diffa: Har da mu.

Rukayya: Malam, to a aikina in goyi bayan a gina Kafin Zaki ko kada a gina?

Malam Habu: Ba zan zaɓa miki ba, amma kowanne kika ɗauka ki faɗi wanda zai yi asara da abin da za a ba shi. Akwai ɗan Bauchi a zauren nan, ina ganin yana karantawa ya yi shiru. Auwalu, fito.

Auwalu Ningi: Ina nan Malam, ina jira ne su Kano su gama cin nasu. Mu namu ra'ayin a gina, amma a rubuta adadin ruwan da za a saki kowace damina tun kafin a zuba siminti, Yobe da Borno su sa hannu. Ya'u, in aka yi haka ka yarda?

Ya'u Gashuwa: Wa zai riƙe makullin?

Auwalu Ningi: Wannan kuma sai mu zauna.